Shaidar da Sagir Ya Bayar Don Kunya

Musaddiq ɗan Kiru ne, kuma ko wanda ba ya ƙaunarsa ba zai ce ba shi da ƙwaƙwalwa ba. Da ya gama karatun kwamfuta a Kano bai tsaya yawon neman aikin ofis ba. Ya dawo gida ya buɗe shago kusa da tasha, yana gyaran kwamfuta yana koyar da masu son koyo. Aibinsa ɗaya ne, amma mai nauyi. Ba ya iya jira, kuma a ganinsa duk abin da ya fito daga hannunsa ya fi ƙarfin a sake duba shi. Idan ka ce masa a ƙara dubawa, sai ya sha kunu kamar ka zage shi.

Bayan aikin shago, akwai abin da Musaddiq ya ba wa zuciyarsa gaba ɗaya. Akwai wata babbar manhaja, irin wadda ke tafiyar da kwamfuta tun daga kunnawa har kashewa, wadda ba mallakin kowa ba ce. Kyauta ake ba da ita, kuma kowa na iya buɗe cikinta ya ga yadda aka gina ta. 'Yan sa-kai ne daga ƙasashe dabam-dabam ke kula da ita ta intanet, yawancinsu ba su taɓa ganin fuskar juna ba. Musaddiq yana cikinsu, kuma ya yi suna wajen gano matsala da rubuta gyaranta.

Manhajar nan siga biyu gare ta. Akwai sigar gwaji, inda ake zuba sababbin abubuwa, in ta lalace ba wanda zai yi kuka. Akwai kuma zaunanniyar siga, wadda makarantu da asibitoci da talakawa ke amfani da ita, kuma duk gyaran da ya shiga cikinta yana sauka da kansa a kwamfutocin mutane ba tare da sun nema ba. Saboda haka aka tsaurara. Ba a shigar da gyara a zaunanniyar siga sai an ajiye shi na ɗan lokaci, wani mutum dabam ya gwada shi a kan na'urarsa, ya rubuta a shafin da kowa ke gani cewa ya gwada kuma bai ɓata komai ba. Duk tsarin a kan kalmar mai shaida ya tsaya, domin ba wanda zai taso daga wata ƙasa ya leƙa ɗakinka ya ga ko da gaske ka gwada.

Su ma masu gyaran ba matsayinsu ɗaya ba. Yawanci sai wani amintacce ya duba gyaranka ya shigar maka. 'Yan kaɗan ne aka ba izinin shigarwa da kansu, kuma wannan izini shi ne burin Musaddiq, da shi yake kwana da shi yake tashi. Wadda ke shigar masa da gyara ita ce Malama Zubaida, 'yar Bebeji da ke koyarwa a Kano, wadda ta daɗe da samun izinin. Ita ta tsaya masa, ta shaida wa kwamitin da ke ba da izini cewa mutumin kirki ne. Kwamitin ya kusa zama, kuma abin da ya rage wa Musaddiq shi ne a ga gyaransa guda ya shiga zaunanniyar siga lami lafiya.

Gyaran da ya zaɓa na modem ne, 'yar na'urar nan da ake sa wa layin waya a maƙala wa kwamfuta don ta samu intanet ta kuma aika saƙon tes. Sababbin modem suna yankewa haka kawai, mutane na ta ƙorafi. Musaddiq ya gano dalili, ya rubuta gyara, ya gwada a kan sabon modem ɗinsa, ya yi aiki tsaf. Ya kira Malama Zubaida yana zumuɗi.

"Malama, an gama. A shigar kawai."

"Na duba, Musaddiq, aikin ya yi kyau," in ji ta. "Amma wurin da ka taɓa, tsofaffin modem ma ta nan suke bi. Sai an samu mai tsohon ya gwada."

"Haba Malama, wa ke amfani da wannan tarkacen yanzu?"

"Mutanen da ba su da halin sayen sabo. Su ne ma suka fi dogara da mu. Ka nemo mai shaida, ba gudu ake yi ba."

Ya ajiye waya yana ƙunƙuni. A ransa gudu ake yi mana, tunda kwamiti ba zai jira shi ba. Abin haushin kuma shi ne ya san inda tsohon modem yake, domin shi da kansa ya maƙala shi.

Mijin ƙanwarsa Fiddausi, wato Sagir, shi ke kula da ɗakin ajiyar allurar rigakafin dabbobi na wata ƙungiyar makiyaya da manoma a Doguwa. Ruwan allurar nan ba ya son zafi ko kaɗan, don haka a firji mai aiki da sola ake ajiye shi. Musaddiq ne ya haɗa musu wata tsohuwar kwamfuta da ke auna sanyin firjin. Da zarar sanyi ya fara raguwa, sai ta aika wa Sagir tes ta tsohon modem, shi kuma ya garzayo ya tayar da janareta. Muddin wayarsa shiru take, to lafiya lau ke nan. Da wannan aiki Sagir yake riƙe gidansa, kuma Musaddiq ne ya yi masa hanyarsa.

A lokacin Fiddausi ta dawo gida Kiru da tsohon ciki, za ta haihu a gaban mahaifiyarta. Sagir ya zo duba ta wata Juma'a. Bayan an sauko daga masallaci Musaddiq ya ja shi zaure, ya bayyana masa abin da yake so.

Sagir ya ce, "To Yaya, ba matsala. In na koma zan sauke gyaran in gwada. Sai dai ka san sabis ɗinmu na can, wani lokaci sai an hau tudu. Ka ba ni 'yan kwanaki."

"Ba ni da 'yan kwanaki. Yau nake so."

"Ai na'urar tana Doguwa, Yaya."

"Wa ya ce ka je Doguwa? Kawo wayarka. Layi biyu ne za ka rubuta, ka ce ka gwada a kan tsohon modem, komai lafiya."

Sagir ya murza hularsa a hannu ya ce, "Amma ban gwada ba."

Musaddiq ya yi dariya irin wadda ta fi zagi ciwo. "Sagir, ni ne fa na rubuta abin nan. Ni na haɗa maka kwamfutar da kake taƙama da ita. Ka taɓa ganin na yi abu ya lalace? Wato yau ni ne ba ka yarda da ni ba?"

"Subhanallahi, ba haka ba ne, Yaya."

"To mene ne? Ko a ofis in mutum ya san ka ai sa maka hannu yake yi. Wannan duk ƙa'idar Turawa ce, don ba su san juna ba. Mu ai 'yan gida ɗaya ne."

Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san inda aka matse Sagir. Yana zaune a zauren surukansa, matarsa na cikin gida, ga yayanta wanda ya sama masa abin yi yana roƙonsa layi biyu. Da wane baki zai ce a'a? Ya miƙa wayar da hannu biyu. Musaddiq ya rubuta shaidar da kansa, da sunan Sagir, ya ba shi ya danna wurin turawa. Ni dai har yau in na tuna wannan wuri raina ɓaci yake yi, domin Musaddiq ya san sarai ba hujja ya kawo ba, kunyar bawan Allah ya kama ya murɗa.

Malama Zubaida ta ga shaida daga Doguwa ta yi murna. Ta ma rubuta a shafin cewa abin alfahari ne a ga mutanen karkara suna shiga aikin. Da wa'adin ajiya ya cika aka saki gyaran, ya fara sauka a kwamfutocin duniya, har da wata tsohuwar kwamfuta da ke kusurwar wani ɗaki a Doguwa.

Ana tsakiyar damina Fiddausi ta haifi 'ya mace. Sagir ya duba firjinsa, ya ga komai daidai, ya kulle ɗaki ya taho Kiru don hidimar suna. Ya yi niyyar ya jima, tunda ya san in da matsala waya za ta gaya masa. Kwanakin nan marka ta sauka sosai a kudancin Kano, rana ta ɓuya, ruwa yana ta tsiyaya ba ƙaƙƙautawa. Sagir yakan ciro waya daga aljihu ya duba, ya ga ba saƙo, ya yi hamdala ya mayar. Aka raɗa wa yarinya suna Hamdiyya, aka ci aka sha. Musaddiq kuwa yana tsakiyar abokai yana ba su labarin yadda aikin hannunsa ya shiga kwamfutocin ƙasashen da bai taɓa zuwa ba.

A can Doguwa, gyaran ya riga ya kashe tsohon modem. Da rana ta daina fitowa batirin firjin ya zube, sanyi ya tafi. Kwamfutar ta yi aikinta, ta yi ta ƙoƙarin aika saƙo, amma babu ta inda zai fita.

Ranar da Sagir ya koma ya buɗe firjin, ɗumi ne ya bugi fuskarsa. Kwalaben nan duka sun tashi aiki, kuma su ne aka tanada don rigakafin ciwon huhu na shanun yankin. An riga an sanar da rana, makiyaya daga rugage na gefen dajin Falgore sun koro garkensu cikin taɓo suka zo, aka ba su haƙuri suka juya. Kafin a samo wata allurar cutar ta shiga wasu garkuna.

Wanda abin ya fi taɓawa shi ne Ardo Sale, dattijon da ya fi kowa matsa wa mutanensa su yarda da ƙungiyar su daina gudun allura. Ya zo har ɗakin ajiyar ya sami Sagir. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi sauƙi. Ya zauna a bakin ƙofa ya dogara sandarsa, ya riƙa kiran sunayen shanun da suka mutu ɗaya bayan ɗaya, yana faɗin wadda ya gada daga mahaifinsa da wadda ya ware wa jikarsa. Da ya gama ya ce, "Ɗana, ni na ce musu su zo, na ce akwai amana a nan. Yanzu in na koma ruga me zan ce musu?" Sagir ya durƙusa yana hawaye. Shugabannin ƙungiya suka zauna, suka ce ya yi sakaci ya bar wurin aiki, suka karɓe makulli.

Ba a Doguwa kaɗai abin ya tsaya ba. Ƙorafi ya fara shigowa shafin daga wurare masu nisa, duk na masu tsohon modem da suka wayi gari ba intanet. Aka yi maza aka janye gyaran. Malama Zubaida ta rubuta a shafin, a gaban kowa, tana tambaya cikin ladabi yadda aka yi gwajin Doguwa ya nuna lafiya alhali ga abin da ya faru.

A nan ne Allah ya ba Musaddiq dama ta ƙarshe, ya sa ƙafa ya shure ta. Kuskure a gyara ba baƙon abu ba ne a wurin mutanen nan, manyansu ma sun sha yi. Da ya fito ya faɗi abin da ya faru a zaure, da an yi masa faɗa, an ɗage maganar izininsa, wataƙila wata rana a sake dubawa. Amma kwamiti na gab da zama, idonsa ya rufe. Ya riga kowa amsawa. Ya rubuta cewa shi ya bi ƙa'ida daga farko har ƙarshe, ya dogara ne da rahoton mai gwaji, kuma da alama mai gwajin ba shi da isasshen sani. Yana gama turawa ya kira Sagir.

"Ka ga abin da ake rubutawa? Kada ka tanka. Ka yi shiru kawai, zai wuce. In na samu izinin nan zan nema maka wani aikin."

Sagir ya ce, "Na karanta abin da ka rubuta, Yaya."

"Ai dole in ce wani abu. Ka gane mana."

"Na gane," in ji Sagir, ya kashe wayar.

Mutumin da ya kasa cewa a'a a zaure ya hau tudu inda ake samun sabis, ya rubuta da hannunsa a karon farko. Bai zagi kowa ba, bai kare kansa ba. Ya ce bai taɓa gwada gyaran ba, na'urar tana Doguwa shi yana Kiru ranar da aka ba da shaidar. Ya ce wanda ya yi gyaran shi ya rubuta kalmomin, shi kuma ya danna don yana jin nauyinsa. Ya faɗi abin da ya sami firji da shanun mutane, ya ce laifinsa ya ɗauka, Allah ya yafe masa.

Malama Zubaida ba ta kira ba, da kanta ta zo Kiru. Ta sami Musaddiq a shago, ta ƙi zama a kujerar da ya jawo mata.

"Gaskiya ne abin da Sagir ya rubuta?"

"Malama, ki tsaya in yi miki bayani. Gyaran nan a kan sabon modem ba shi da..."

"Ba gyaran na tambaye ka ba. Gaskiya ne?"

Ya sunkuyar da kai.

"Na tsaya a gaban mutanen da ba su san inda Kiru take ba, na ce ga ɗan'uwana, ku yarda da shi," in ji ta. "Har murna na yi a bainar jama'a cewa an samu shaida daga Doguwa. Ka san yanzu duk wanda ya rubuto daga nan ya ce ya gwada, sai an yi masa kallo biyu? Kuskuren ba ya ba ni haushi, Musaddiq. Ƙaryar ma da zan iya haɗiyewa. Amma ka tura Sagir rami, sannan ka tsaya a baki kana nuna shi da yatsa."

Ta janye goyon bayanta a ranar. Kwamiti ya zauna, bai ɓata lokaci a kan sunansa ba. Aka kuma bi duk gyare-gyarensa na baya ana sake gwadawa, har waɗanda ya yi da gaskiya da gumin goshinsa.

Sai bayan an yi girbi Musaddiq ya iya tattara ƙarfin hali ya hau mota zuwa Doguwa, inda Fiddausi ta koma da jaririyarta. Tun daga Kwanar Dangora har Tudun Wada yana shirya kalmomin da zai faɗa. Bai sami Sagir a gida ba, an ce ya tafi gonar wani yana aikin casar masara. Fiddausi ce ta fito da goyo. Ta durƙusa ta gaishe shi yadda ta saba, ta kawo masa ruwa, amma ba ta shimfiɗa tabarma ba.

Ya ce, "Fiddausi, na zo ne in ba shi haƙuri. Wallahi ban yi zaton abin zai kai haka ba."

Ta ce, "Yaya, in tambaye ka. Da wani baƙo ne ya tare shi a hanya ya ce ya yi masa shaidar ƙarya, kana ganin zai yi?"

Ya kawar da kai, ita kuma ta ci gaba.

"Ba zai yi ba, kai ma ka sani. Don kai yayana ne ya yi. Darajar aurena ka ɗauka ka saya wa kanka abin da kake so, ko shawara ba ka yi da ni ba. Kullum ina cika masa baki da kai, ina cewa a gidanmu ba a ƙarya. Yanzu in ya dawo da yamma hannunsa duk ya faffashe, ko kallon idonsa ba na iya yi, kuma bai taɓa ce mini komai ba. Ka sha ruwanka, Yaya, kada ka rasa motar komawa."

Musaddiq yana nan a Kiru har yanzu, shagonsa a buɗe. Bai daina rubuta gyara ba, kuma waɗanda suka san aikin sun ce gyare-gyaren nasa masu kyau ne, wasu ma sun fi na da. Yakan tura su shafin ya zauna yana jira. Ba a kore shi ba, ba a zage shi ba. Suna nan jere da sunansa a kai, ba wanda ya yarda ya ɗauki ko ɗaya ya shigar.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, ƙwarewa ba ta maye gurbin gaskiya, kuma duk aikin da jama'a suka dogara da shi ba a yi masa gaggawa don biyan buƙatar mutum ɗaya. Ƙa'idar da kake ganin tana ɓata maka lokaci, sau da yawa wani talaka da ba ka sani ba take karewa. Kada ka yi amfani da kunyar da na ƙasa da kai ke ji don ka sa shi faɗin abin da bai gani ba, wannan zalunci ne ko da murmushi aka yi shi. Kai kuma da ake roƙo, ka sani shaida amana ce, ba kara ba ce da ake yi wa suruki ko aboki. In ba ka gani ba, ka ce ba ka gani ba, komai nauyin wanda ke gabanka. In kuma ka riga ka yi kuskure, ka ɗauki kayanka da kanka tun da wuri, domin mutane suna yafe kuskure, amma da wuya su sake yarda da wanda ya ɗora nasa a kan wani.